Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Rabon Mitocin Rediyo ta Ƙasa: a bar wa masu sauraron taurari mitarsu

Zuwa ga Mai girma Ministan Sadarwa, shugaban Majalisar Rabon Mitocin Rediyo ta Ƙasa, da shugabannin Hukumar Sadarwa ta NCC, da duk wanda zai zauna a kujerar Nijeriya a babban taron rediyo na duniya na 2027.

Ranku ya daɗe. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a Kano, shekara 17 ke nan ina riƙe da alli. Na rubuto ne a madadin 'yan uwana malaman kimiyya da muke haɗuwa muna tattauna aikinmu, da kuma yaran da ke zaune a gabanmu, waɗanda wasu daga cikinsu ke son karanta ilimin taurari. Dalilin wasiƙar shi ne wannan: a taron da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta yi a Dubai a ƙarshen 2023, an tsara abubuwan da za a yanke hukunci a kansu a 2027. A ciki akwai abu na 1.16, wanda ya shafi kare na'urorin sauraron sararin samaniya daga hayaniyar taurarin ɗan'adam masu yawo kusa da ƙasa, da abu na 1.18, wanda ya shafi mitocin da suka haura gigahaz 76 (gigahaz ma'aunin mitar rediyo ne). Yanzu ne ƙasashe ke shirya matsayinsu. Tsoronmu kada a ɗauki waɗannan abubuwa biyu a matsayin matsalar Turawa, a wuce su ba tare da Nijeriya ta ce uffan ba.

Ku yi mini haƙuri in fara gaya muku abin da ake saurare, domin sai an san darajar abu ake tsare shi.

Wata safiya cikin hunturu na shiga aji na tarar ƙura ta lulluɓe teburina. Kafin in kaɗe, sai na sa yatsa na rubuta SiO2 a kanta, na ce wa yara ga sunan abin da kuka shaƙo tun daga gida. Na gaya musu cewa kaso mai yawa na ƙurar nan iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon babban tafki ya ƙafe ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa, ɓawon da aka gina da silikon da oksijin. Silikon shi ne na biyu a yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 28 cikin 100 na nauyinsa. Shi ne a yashi, shi ne a gilashi, da farantin sola, da ƙwaƙwalwar wayar hannu. Sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to shi silikon ɗin daga ina ya zo?”

Amsar ita ce a cikin manyan taurari ake ƙera shi, a ƙarshen rayuwarsu, sannan idan sun fashe su watsa shi cikin sarari. Can yakan haɗu da oksijin ko kabon ya zama ƙura, ƙurar ta shiga cikin manyan gajimaren iskar gas da ke tsakanin taurari, daga gajimaren kuma sababbin taurari da duniyoyi su fito. Akwai shaidar da ake riƙewa a hannu: a cikin dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta ƙasar Ostireliya a 1969 an samu ƙananan ƙwayoyin silikon da kabon waɗanda suka girmi rana kanta. Amma gajimaren nan ba mai iya zuwa ya ɗebo. Duhu ne da su, sanyinsu kuma yakan kai digiri 263 ƙasa da sifili. Babbar hanyar sanin abin da ke cikinsu ita ce a kasa kunne.

Ƙwayoyin sinadari suna juyawa, kuma da yawa daga cikinsu idan sun rage saurin juyawarsu sukan saki ɗan sautin rediyo, kowace a wata mita tata ita kaɗai. Masana sukan auna mitar a ɗakin gwaji, sannan su juya babban faranti zuwa sama su nemi wannan mitar. Haka aka yi a 1971, lokacin da Robert Wilson da Arno Penzias da abokan aikinsu uku suka yi amfani da faranti mai faɗin ƙafa 36 a kan dutsen Kitt Peak na jihar Arizona, suka ji sautin SiO, wato silikon ɗaya da oksijin ɗaya, a kusa da gigahaz 130. Daga gajimaren Sagittarius B2 ya fito, kusa da tsakiyar garken taurarin da ranarmu take ciki, bayan tafiyar sama da shekara 25,000. Wilson da Penzias su ne suka karɓi kyautar Nobel a 1978 a kan wani binciken daban. Bayan shekara uku da gano SiO, Lewis Snyder da David Buhl suka sanar da wani sauti mai ƙarfin gaske daga gajimaren Oriyon a gigahaz 86, aka gane SiO ne ke ƙara wa kansa murya, kamar yadda hasken leza ke yi. Daga nan ƙofa ta buɗe, aka ci gaba da gano wasu sinadarai masu ɗauke da silikon. An samu SiS a 1975. A 1984 an samu SiC2 a kewayen wani tsohon tauraro mai suna IRC+10216, kuma ita ce ƙwaya ta farko mai siffar zobe da aka taɓa ganowa a sararin samaniya. SiC ya biyo baya a 1989, SiN a 1992, Si2C a 2015. Yawancinsu a gindin wannan tauraro ɗaya aka same su, domin yana ta fesar da ƙura da gas yayin da yake tsufa.

Abin da ya fi burge ni a aji shi ne aikin da SiO ke yi wa masana. A gajimaren da ke kwance lafiya, kusan duk silikon yana daskare a jikin ƙura, ba a jin sautinsa. Amma idan sabon tauraro ya fara kafuwa, yakan harba iskar gas da gudun kilomita masu yawa a daƙiƙa ɗaya. Iskar ta bugi ƙura, ƙura ta farfashe, silikon ya fita ya kama oksijin, sai yawan SiO ya ninka sau dubbai, a wasu wuraren har kusan sau miliyan. Saboda haka duk inda aka ji SiO ya tashi a cikin duhun gajimare, an san ana haihuwar tauraro a wurin, kamar yadda makiyayi ke hango ƙura ya san garke na tafe tun bai ga saniya ɗaya ba. Kuma da taurarin da ke fitar da sautin SiO a tsakiyar garkenmu aka daidaita hotunan rediyo da na haske, har aka tsayar da ainihin wurin da babban baƙin rami yake, wato abin da ƙarfin jansa ba ya barin ko haske ya fita, binciken da ya kai Reinhard Genzel da Andrea Ghez ga kyautar Nobel a 2020.

To, ranku ya daɗe, ga inda aikinku ya shigo. Ku ne masu raba mita. Idan gidajen rediyo biyu suka ci karo, hukuma takan sauya wa ɗaya wuri, magana ta ƙare. Mitar SiO kuwa nauyin ƙwayoyin biyu da tazarar da ke tsakaninsu ne suka tsayar da ita, haka Allah ya halicce ta, ba taron da zai matsar da ita. Dattawanmu sun saba kama tashoshi a mita 41 ko mita 19 a gajeren zango. SiO nasa zangon milimita 7 ne da milimita 3 da rabi, wato gigahaz 43 da 86. Idan aka cika wurin da hayaniya, babu wata tasha da za a koma.

Kokenmu na farko a kan gigahaz 43 ne. A dokokin ITU an ba masu binciken taurari gurbi daga 42.5 zuwa 43.5, amma zaman haya ne da wasu, kuma sakin layi na 5.149 da ke kare su roƙon gwamnatoci kawai yake yi su yi iya ƙoƙarinsu. A taron Sharm el-Sheikh na 2019 an ware daga 37 zuwa 43.5 domin wayar hannu ta 5G, wato har da wannan gurbin gaba ɗaya. Daga ƙasa kuma, 37.5 zuwa 42.5 hanya ce da taurarin ɗan'adam ke aiko da saƙo zuwa ƙasa. Manyan sautukan SiO suna 42.8 da 43.1 da 43.4. Kun ga na farkon taku kaɗan ne tsakaninsa da katanga. A gigahaz 86 doka ta fi ƙarfi, domin sakin layi na 5.340 ya haramta kowace irin watsawa daga 86 zuwa 92. Sai dai sautin da Snyder da Buhl suka ji yana 86.2 ne, jingine da 81 zuwa 86 inda kamfanonin intanet na sama ke kafa manyan tashoshinsu na aika saƙo. Na'urar watsawa ba ta tsayawa cak a kan iyaka, kullum akwai ɗan abin da ke tsallakawa. Shi kuwa sautin da ake nema raunin sa ya kai a ce da za a kunna wayar hannu a kan wata, da ta shiga sahun abubuwan da suka fi ƙara a sama a kunnen waɗannan faranta. Ɗan tsallaken nan ya isa ya lalata aikin dare guda, ko ya sa a ɗauki hayaniya a matsayin sabon sinadari.

Koke na biyu ya fi girma. Da can maganin hayaniya shi ne a gudu daji. Amurka ta keɓe yankin shiru a kewayen cibiyar sauraron taurari ta Green Bank tun 1958, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 34,000. Afirka ta Kudu ta yi dokarta a 2007 domin ta tsare hamadar Karoo. Waɗannan dokoki suna iya hana a kafa turken waya a kan tudu, amma ba su da iko da abin da ke wucewa ta saman kai, kuma yanzu dubban taurarin ɗan'adam ne ke zagaya duniya dare da rana. A 2023 masu aiki da na'urar sauraron taurari ta LOFAR ta ƙasar Holan sun sanar da cewa sun saurari taurari 68 na Starlink, tsarin intanet na sama na kamfanin SpaceX, suka ji 47 daga ciki suna fitar da hayaniyar da ba da gangan ba, daga kayan lantarkin jikinsu, tsakanin megahaz 110 da 188, har da cikin gurbin da aka keɓe wa binciken taurari. A 2024 suka sake aunawa, suka tarar sababbin samfurin sun fi na farko ƙara har sau 32. Gaskiya ne wannan a ƙananan mitoci aka ji shi, nesa da SiO. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya nuna shi ne ana harba na'urori da sauri fiye da yadda ake rubuta musu doka, kuma idan kowane tauraro ɗaya ya cika ƙa'ida, jimillar dubbansu tana iya wuce abin da faranti zai jure. Wannan jimillar ita ce zuciyar abu na 1.16.

Kada a fahimce mu baibai. Ba ma gaba da intanet na sama. A ƙauyenmu har gobe akwai masu hawa dutse neman sabis kafin su kira asibiti ko su karɓi kuɗin da ɗa ya turo daga birni. Lokacin da Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Starlink ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023, mun yi murna. Kuma intanet ɗin ne ma hanyar yaranmu zuwa ga wannan ilimi. Na'urar ALMA da ke hamadar Atakama ta ƙasar Chile, mai faranti 66 a tudun da ya kai mita 5,000, takan buɗe bayananta ga kowa bayan shekara ɗaya da miƙa su ga masu binciken da suka nema. Ɗalibi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, idan yana da kwamfuta da layi mai kyau, zai iya sauko da sautin SiO na wani gajimare ya yi bincikensa na digiri a kai ba tare da ya sayi tikitin jirgi ba. Amma sai in bayanan da aka ɗauka masu tsabta ne. Muna son intanet ɗin, muna kuma son ya zama akwai abin da za a sauko da shi.

Koke na uku namu ne na gida, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Marigayi Farfesa Samuel Okoye yana ɗalibi a Kambirij, tare da Antony Hewish, ya gano wani ƙaramin tushen sautin rediyo a cikin gajimaren Kaguwa a tsakiyar shekarun 1960, wanda daga baya aka tabbatar tauraro ne mai bugawa kamar zuciya. Ya dawo gida ya dasa ilimin a Nsukka, inda cibiyar binciken sararin samaniya ta hukumar NASRDA take a yau. Duk da wannan tarihi, ku duba inda maƙwabta suka kai. Ghana ta ɗauki tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Accra, ta gyara shi ya zama na sauraron taurari, aka buɗe shi a 2017. Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da MeerKAT mai faranti 64 a 2018, kuma tun Disamban 2022 ake gina babbar na'urar SKA a can da Ostireliya. Ƙasashen Afirka takwas ne abokan wannan aiki: Botswana, Ghana, Kenya, Madagaska, Moris, Mozambik, Namibiya da Zambiya. Babu Nijeriya a ciki. Namibiya kuma tana shirin kafa farantin da zai saurari zangon milimita, wato zangon SiO ɗin kansa, tare da wata jami'a ta Holan.

Sakamakon wannan ina ganinsa da idona. Akwai yaron da na koyar wanda ya haɗa ƙaramar eriya da waya da tsohon kwanon dish yana aji biyar. Ya shiga jami'a ya karanta fiziks, ya fito da sakamako mai kyau, burinsa kawai ya yi aiki da farantin rediyo. Ya nemi hanyar fita waje bai dace ba, a gida kuma bai samu inda zai taɓa irin na'urar ba. Yau POS yake yi a bakin kasuwa. Sana'ar halal ce, ban raina ta ba, kuma yana ciyar da iyayensa da ita. Amma ƙasar nan ta yi asarar injiniya. Wanda ya iya tsamo sautin da ya yi tafiyar shekara 25,000 daga cikin hayaniya, shi ne wanda zai iya gyara muku rada da tashar sadarwa da na'urar hasashen yanayi. Wani muhimmin sashe na fasahar Wi-Fi ma daga hannun masu binciken taurari na Ostireliya ya fito.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon Nijeriya ta goyi bayan kariya mai haƙora a abu na 1.16 da na 1.18: iyaka a rubuce kan jimillar hayaniyar da tarin taurarin ɗan'adam za su zuba a mitocin da aka keɓe, tare da hanyar aunawa da kowa zai iya bibiya. Ku kai wannan matsayi taron ECOWAS da na Ƙungiyar Sadarwa ta Afirka, inda ake dunƙule muryar nahiyar kafin a tafi. Nijeriya idan ta yi magana a can ana ji, kuma wasu daga cikin na'urorin da za a kare a ƙasar Afirka suke.

Muna roƙon ku wallafa matsayin tun kafin a tafi, cikin harshen da mutane za su gane, har da Hausa da Yarbanci da Ibo, ku kuma saurari ra'ayin jama'a. A sa masanin sauraron taurari ko da ɗaya ne a cikin tawagar, daga Nsukka ko daga jami'o'inmu, ya zauna kusa da injiniyoyin kamfanoni lokacin da ake ciniki a kan lambobi.

A lasisin kowane kamfanin intanet na sama, sabo ko wanda za a sabunta, a rubuta sharaɗin kauce wa wuraren bincike. Abu ne mai yiwuwa. A Amurka kamfanin SpaceX ya yi yarjejeniya da hukumar kimiyya ta ƙasar, har an gwada tsarin da faranti ke sanar da inda yake kallo, tauraron kuma ya kawar da saƙonsa daga wurin na ɗan lokaci. Abin da aka yi wa Green Bank a yi mana alkawarinsa tun yanzu, domin tun ran gini ran zane. Haka kuma ranar da za ku sa mitocin gigahaz 40 a kasuwa domin 5G, ku tuna da 42.5 zuwa 43.5, ku sa sharuɗɗan da za su bar ta a sarari a duk inda aka keɓe domin bincike.

Wurin ma a keɓe shi tun ƙasa tana da sauran shiru. Tururin ruwa ne ke shanye sautin milimita, shi ya sa ake neman tudu da busasshiyar iska. Muna da tsaunin Mambila da na Jos, muna kuma da rani mai tsawo a arewa. Ku haɗa kai da Ma'aikatar Kimiyya a tura masu awo su auna hayaniya da danshin sama na shekara guda a wurare biyu ko uku, a zaɓi ɗaya a yi masa doka. A wannan tafiyar a biya ta tsoffin tashoshin sadarwa na Kujama a Kaduna da Lanlate a Oyo, injiniyoyi su rubuta rahoto kan abin da za a iya yi da su, kamar yadda Ghana ta yi da nata.

Yarinyar nan da ta yi mini tambayar silikon tana aji shida yanzu. Da ta zo cike fom ɗin JAMB ta same ni a ofishin malamai ta ce fiziks ta zaɓa, ta kuma tambaye ni ko akwai inda za ta koyi sauraron taurari a ƙasar nan idan ta gama. Na ce mata zan tambayi waɗanda abin ke hannunsu. Muna sauraron amsarku.

Allah ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Malamin fiziks, a madadin 'yan uwansa malaman kimiyya da ɗalibansu,
Kano.